Uwar Kwaɓin Ummuhani

A Taba, idan aka ce a sayo gurasa ba a tambayar ta wa. Ta Ummuhani ake nufi, matar marigayi Malam Uwaisu mai rake, wadda gidanta yake dab da tsohuwar rijiyar unguwa. Gajeriyar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma daga wuyan hannunta na dama har gwiwar hannu babu gashi ko ɗaya, wutar tanderu ta lashe shi tun tana amarya. Ba za a ce da ita mai sauƙin hali ba, don ƙarya ba kyau. Amma ko matan da suka sha faɗanta jiya, gari na wayewa za ka ga sun aiko da kwano.

Shekara arba'in da uku tana wannan sana'a. A cikinsu ta ga bayan tanderu biyar, ta yi takabar miji, ta aurar da 'ya'ya huɗu, ta ga zuwan yis na leda wanda duk masu gurasa da masu waina suka koma masa. Ita dai ba ta taɓa saka shi a kwaɓinta ba. Abin da take tayar da kwaɓi da shi yana cikin wata 'yar tukunyar ƙasa a ƙarƙashin gadonta, an rufe da faifai. Tsohon kwaɓi ne mai tsami, garin alkama da ruwa kawai, wanda ake ɗiba a zuba cikin sabo don ya kumbura, sannan a mayar masa da gari da ruwa ya ci gaba da kumfa. A gidansu uwar kwaɓi ake cewa. Ummuhani kuwa Uwa kawai take kiranta, kuma yadda take maganarta sai baƙo ya ɗauka wata tsohuwa ce ke kwance a ɗakin: yau Uwa ta tashi da ƙarfi, yau zafi ya dame ta, yau ba ta son wannan garin.

Daga Saulawa ta zo da ita. A danginsu, ranar da za a kai amarya ɗakin mijinta, bayan an gama lodin kwanuka da tabarmi, uwa kan ɗebi uwar kwaɓinta a sabuwar tukunya ta miƙa wa 'yarta hannu da hannu. Haka kakarsu ta yi wa mahaifiyarsu Iya, haka Iya ta yi wa babbar 'yarta Rahmatu, sannan ta yi wa Ummuhani. 'Ya mace ake ba wa, wadda aka haifa a gidan. Ba a taɓa jin an ba wa suruka ko maƙwabciya ba. Ta Rahmatu ta mutu tun shekarar da ta haifi tagwaye, hidima ta sha kanta ta manta da tukunya kwana goma, kuma Ummuhani ba ta daina yi mata gori ba har suka yi furfura. Da Iya ta rasu tata ma ta lalace, don babu wanda ya tuna da ita a kwanakin zaman makoki. Ta ƙarƙashin gadon Ummuhani ce kaɗai ta rage. Shi ya sa kowace safiya, idan ta ɓalli gefen gurasar farko ta kai baki, a ranta gurasar Iya take ci.

Sai dai Allah bai bar mata 'ya mace ba. Ta haifi shida, huɗu suka rayu, duk maza. Mace ɗaya da ta samu, Hafiza, ta koma tana wata bakwai. Abin yana cin Ummuhani a rai, ko da yake ba ta zancensa da kowa: ba ta san wa za ta miƙa wa tukunyar ba. Wadda take zaune da ita a gidan ita ce Wasila, matar ɗanta na biyu Ashafa, 'yar Likoro, doguwa mai sanyin murya. Shekara goma sha ɗaya Wasila tana tankaɗe gari, tana hura tanderu da karan dawa, tana wanke ƙwaryar kwaɓi, amma ko sau ɗaya hannunta bai taɓa tukunyar nan ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ummuhani tana son ta, kuma idan ana zancen surukai a gidan biki ita ce mai yabon tata. Kawai dai a ganinta wannan abu na 'ya'yan ciki ne, Wasila kuwa 'yar wasu ce.

Aikin kansa ba shi da wani sirri da ido zai gani. Alkama daga kasuwar Makarfi, a wanke, a shanya, a kai inji. Bayan la'asar Ummuhani kan janyo tukunya, ta kwashe kusan duk abin da ke ciki ta zuba a ƙwarya, ta bar ɗan kaɗan a gindi, ta mayar masa da gari tafin hannu ɗaya da ruwa. Ta yi kwaɓi da gishiri, ta rufe da zane. Bayan sallar asuba kwaɓin ya cika ƙwarya, sai ta riƙa gutsura tana faɗaɗawa a tafin hannu, ta sunkuya ta manna a jikin tanderu, hayaƙi na dukan fuskarta. Gurasarta ba ta da fari da laushin ta yis, tana da ɗan duhu da ɗan tauri, da wani tsami da ke zuwa a ƙarshen tauna. Idan aka barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, masu aikin rake sukan ce tana riƙe ciki har azahar.

Mutum ɗaya ce a unguwar take sauraron labarin Uwa ba tare da ta yi dariya ba, wato Malama Winifred, maƙwabciyarsu ta bayan katanga. 'Yar wajen Zonkwa ce, ta zo koyarwa a firamare tun tana budurwa, ta yi aure a nan, ta yi ritaya a nan, Hausarta har ta fi ta wasu 'yan gari. Ita ma tana da nata abin renon. Wata 'yarta da ke Abuja ta kawo mata shi: babbar kwalba mai faɗin baki cike da baƙin shayi, da wani abu mai santsi kamar faifai yana yawo a samansa. Sai ta dafa shayi da mazarƙwaila, ta bari ya huce, ta zuba masa, ta ɗaure bakin kwalbar da ƙyalle, ta bar shi kwana bakwai ba wanda zai taɓa. Idan ya yi, shayin ya koma mai tsami da ɗan gardi, ta ce yana yi mata maganin kumburin ciki. Ranar da Ummuhani ta fara ganinsa ta ja baya, ta tambaya ko yana bugarwa. Malama ta yi dariya ta ce ita dattijuwa ce a coci, me za ta yi da abin da ke bugarwa. Duk da haka Ummuhani ba ta taɓa kurɓa ba, ta ce ita abin da ta yi shakka a kansa barinsa take yi. Amma ta ga yadda Malama take wanke hannu kafin ta taɓa kwalbar, da yadda take leƙa ta da safe, sai ta ji a ranta cewa wannan mata ta san abu mai rai.

Idon Ummuhani ya daɗe yana yi mata hazo, tana ɓoyewa. Sai da ta fara manna gurasa a kan gurasa, rannan kuma ta ƙone yatsu uku, sannan Ashafa ya kira yayansa Shamsuddeen a waya. Shi ne ɗan fari, yana aiki a Zariya, uwar ba ta faɗin sunansa, Babba take ce masa. Ya zo ya kai ta asibitin ido, aka ce yana ce a idanun biyu, sai an yi aiki, ɗaya bayan ɗaya. Bayan aikin kuma babu hayaƙi, babu sunkuyo, za ta zauna a gidansa kamar mako shida. Ummuhani ba ta tambayi ko aikin da zafi ba. Tambayarta ɗaya, ko za ta iya tafiya da tukunyarta. Shamsuddeen, wanda ya san hali, ya ce idan tukunya ta bi ta gobe za a same ta a gaban murhu, don haka ba inda tukunya za ta.

Kowa a gidan ya ɗauka an gama magana, Wasila ce za ta riƙe. Ita kanta Wasila ta share wani lungu mai sanyi a ɗakinta. Ranar tafiya da safe, bayan an kwashe gurasar ƙarshe, Ummuhani ta fito da tukunyar a rungume, ta wuce Wasila da ke tsaye a tsakar gida, ta fita ta zagaya gidan Malama. Lissafin da ta yi shi ne, idan ta ba wa surukarta, ko da aro ne, to ta ba ta ke nan, al'ada ta karye. Idan kuwa ta kai wa Malama, ajiya ce kawai. Ta ce mata gari tafin hannu ɗaya, ruwa har ya yi kaurin koko, kullum bayan la'asar, kada a sa mata cokalin ƙarfe. Malama ta rubuta a takarda, irin ta malaman makaranta. Da Ummuhani ta dawo ɗaukar jakarta, Wasila ta durƙusa ta ce Allah ya ba da sa'a, ya dawo da Inna lafiya. Ummuhani ta yi kamar ba ta ji ba. Bazara ce a lokacin, zafi ya kai inda ya kai.

An yi aiki lafiya. A gidan Shamsuddeen ta zauna da baƙin tabarau kamar 'yar sanda, tana ƙorafin burodin da ake ba ta da shayi, wai iska ce aka gasa. Kullum sai ta sa an kira mata Malama. Kwanakin farko amsar ita ce Uwa lafiya lau, har ta kusa cika tukunya, Ummuhani ta yi ta jin daɗi. A mako na biyu Malama ta ce ta ɗan yi sanyi, amma tana kula da ita. Daga nan amsoshin suka fara gajarta, wani lokaci ma wayar ba ta shiga. Jikin Ummuhani ya ba ta, amma ta hana kanta yarda.

Ranar da aka dawo da ita Taba, idonta tar, har tana iya ƙirga kajin maƙwabta daga bakin zaure. 'Yan sannu da zuwa ba su gama watsewa ba ta saci jiki ta nufi gidan Malama. Ta same ta zaune a kan benci, tukunyar na gabanta, ba ta ko iya ɗaga kai. Ummuhani ta ɗaga faifan. Abin da ke ciki ya yi baƙin ruwa a sama, funfuna ta rufe gefe-gefe, kore da ja, warin kuma ba na tsami ba ne, na ruɓa ne.

Malama ta ba da labari tana share hawaye. Ta bi takarda daidai, kullum gari da ruwa. Tukunya ta cika, kumfa ya ragu, tsami ya yi yawa. Da ta ga abin yana mutuwa sai ta yi masa abin da ta sani: ta jiƙa mazarƙwaila ta zuba, don ita ke tayar da nata shayin idan ya yi rauni, ta ɗaure baki da ƙyalle, ta bar shi kwana bakwai ya huta. Da ta buɗe, abin da ta tarar ke nan.

"Kina ɗiba kuwa kafin ki zuba sabon gari?" in ji Ummuhani.

"Ɗiba? Ai ba ki ce in ɗiba ba, Mama. Ajiya kika ba ni, yaya zan taɓa?"

Ummuhani ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Gaskiya ne, ba ta faɗa ba. Shekara arba'in da uku tana kwashe kusan duka kullum ta yi gurasa da shi, ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin kula da Uwa ba, a wajenta aiki ne kawai. Ashe kwashewar nan ce take raya ta. Gari tafin hannu ɗaya yana isar ɗan abin da ya rage a gindin tukunya, amma ba zai ciyar da tukunya cike ba, balle a zafin bazara. Ta ce da Malama ta daina kuka, ba laifinta ba ne. Ta ɗauki tukunyar da kanta ta je bayan gida ta juye.

Kwana huɗu ba ta ce uffan a kan gurasa ba. Masu aiko da kwano aka riƙa ce musu likita ya hana ta hayaƙi, wanda kuma gaskiya ne. Ta zauna a ƙofar ɗaki da sabon idonta tana kallon tsakar gida, baƙin ciki ya cika ta, irin wanda rabon da ta ji shi tun rasuwar Iya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita da ta yi wa Rahmatu gorin shekara da shekaru, a hannunta abin ya ƙare gaba ɗaya.

A rana ta biyar Rahmatu ta zo dubiya daga Saulawa, a bayan babur ɗin jikanta, da sandarta da ƙullin daddawa. Ta ji labari tun a hanya, kuma abin mamaki ba ta rama gorin ba. Suna zaune a tabarma Wasila ta kawo wa baƙuwa abin taɓawa, ta ajiye kwano ta ja gefe ta durƙusa. Da aka buɗe, gurasa ce guda huɗu, da ɗuminsu. Ummuhani ta sha kunu, ta ce wato har an fara shigo mata da yis gida. Wasila ta ce ba yis ba ne. Ummuhani ta gutsura ta tauna don ta kama ta da ƙarya, sai ta ji tsami a ƙarshen tauna.

Wasila ta yi bayani kanta a ƙasa. Ranar da Inna ta tafi, ta zo wanke ƙwaryar kwaɓi kamar kullum, ta ga sauran kwaɓi manne a jikinta, sai ta kasa zuba ruwa. Ta kankare shi ta sa a wani kwanon sha, ta ba shi gari da ruwa. Da ya tashi ta riƙa kwashewa kullum tana gasa wa yara guda biyar ko shida a kasko, don ta ga haka Inna take yi. Da Inna ta dawo tsoro ya hana ta faɗa, sai ta riƙa kai kwaɓin gidan wata ƙawarta tana gasawa a can.

Wani zai ce a nan Ummuhani ta rungume ta. To, ba a san Ummuhani ba ke nan. Ta sake gutsura, ta tauna a hankali, ta ajiye. Ta ce an yi ƙoƙari, amma wannan ba ita ba ce. Tsamin bai kai ba, ƙamshin daban ne, ruwa ya yi yawa. Wannan gurasar Wasila ce, ba gurasar Iya ba.

Rahmatu tana ta fama da tata da 'yan haƙoran da suka rage mata. Sai da ta haɗiye sannan ta ce, "Ummu, ke ma taki ba ta Iya ba ce."

Ummuhani ta juyo ta dube ta, Rahmatu ta ci gaba.

"Kin tuna zuwan da muka yi miki da Iya, kina da cikin fari, kika gasa mana? A hanyar komawa ta ce da ni, ta yarinyar nan ta fi tawa tsami, ruwan Taba daban ne, hannunta ma daban. Ta ce ita ma tata ba ta taɓa yin irin ta kakarmu ba. Na ce in faɗa miki? Ta ce in bar ki, ai tashi ake nema, kuma ta tashi."

"Shekara arba'in, Yaya, ba ki faɗa mini ba?"

"Yaushe kika bar ni na yi magana a kan gurasa?"

Ummuhani ta ji haushin Rahmatu, ta ji haushin Iya ma da ke kabari, sannan haushin ya wuce ya bar ta da kunya. Duk safiyar da ta ɗauka gurasar uwarta take ci, ashe tata take ci. Kuma Iya ta ɗanɗana ta ji bambancin, ta yi shiru ta bar mata abinta, ita kuwa ga abin da ta gaya wa yarinyar da ke durƙushe a gabanta, wadda ta koyi komai da ido ba a koya mata ba, har da abin da ita mai abin ta manta ta faɗa. Hawaye ya zubo mata. Rahmatu ta ce ta yi hankali da idon, kuɗi aka kashe masa, Ummuhani ba ta kula ta ba.

Bayan la'asar, lokacin da aka saba yin kwaɓi, Wasila tana ɗakinta sai ta ji sallama a bakin ƙofa. Ta yi mamaki, don Inna ba ta zuwa ɗakinta, kira take yi a zo. Ta ɗaga labule ta gan ta tsaye da ɗan ƙoƙo a hannu, wankakke, babu komai a ciki. Wasila ta yi sauri za ta durƙusa, Ummuhani ta ce ta tashi, ita ce ta zo roƙo. Ta miƙa ƙoƙon da hannu biyu.

"Ki sam mini kaɗan daga taki," in ji ta. "Tawa ta mutu."